Madatsar Ruwa ta Lagdo: Abin da Ya Kamata Kowane Ɗan Garwa Ya Sani



Kullum muna kunna wuta, muna cin kifin Lagdo, amma kaɗan ne a cikinmu za su iya ba da tarihin wurin. Shi ya sa darasinmu na bana zai tsaya a kan wannan madatsa, wadda mutanen gari suka fi kira baraj.

An fara gina ta a shekarar 1977, aka gama a 1982, zamanin Shugaba Ahmadu Ahijo, wanda shi ma haifaffen Garwa ne. Injiniyoyin ƙasar Sin ne suka yi aikin tare da ma'aikata 'yan Kamaru. An datse kogin Binuwai ne a wurin da ya ratsa tsakanin duwatsu, kudu maso gabashin Garwa. Tsawon bangon ya kai mita 308, tsayinsa mita 40.

To, yaya take aiki? Da damina tana tare ruwan Binuwai da na Mayo Rey ta ajiye. Da rani sai a riƙa sakin sa ta cikin injuna huɗu. Ƙarfin ruwan ne ke juya su, su ba da wuta har megawat 72. Ita ake rabawa Garwa da Marwa da Ngawundare.

Amfaninta bai tsaya nan ba. Tafkin ya jawo masunta daga wurare da dama, Musgum da Kotoko da Hausawa, har Lagdo ta zama babbar kasuwar kifi. A Gunugu kuma ana noman shinkafa da ruwan da ake jawowa ta magudanai.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Kafin baraj, kogi kan cika ya malale fadamu, idan ya janye manoma su dasa muskuwari. Da aka tare ruwan, wannan noma ya ragu a ƙasan madatsar. Sannan idan tafkin ya cika fiye da kima, dole a buɗe ƙofofi don kada bangon ya fashe. Haka aka yi a 2012, ruwa ya ci gidaje da gonaki a nan yankinmu, ya wuce Najeriya ya yi ɓarna a jihohin Adamawa da Binuwai da Kogi. Madatsar Dasin Hausa da aka shirya yi a Adamawa don ta tare wannan rara, ba a kammala ta ba.

Babbar matsalar yau ita ce yashi. Idan aka sare itatuwa a bakin kogi, ruwan sama sai ya kwashi ƙasa ya zuba a tafkin. Yashi na taruwa, wurin ajiyar ruwa na raguwa, injuna su rasa abin juya su a ƙarshen rani. Yana daga cikin dalilan ɗauke wuta da muke fama da shi.

Don haka, 'yan'uwa, akwai abin da ya rataya a wuyanmu. Mu dasa itace, mu daina zuba shara a magudanai. Iyayenmu kuma muna roƙon ku, a guji gina gida a hanyar ruwa, kuma idan hukuma ta sanar za a buɗe ƙofofi, a tashi da wuri. Na gaba sun gina mana, saura mu riƙe wa na baya.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.