Kada A Ɓoye Yaron A Ɗaka

Iyayen yara masu buƙata ta musamman a Sabon Birni da Isa, shawarata ita ce ku fara da babban asibitin garinku, ku nemi takardar da za ta tura ku Sakkwato tun yaron yana ƙarami. Yaron da ya kai shekara biyu ba ya waiwaye idan an kira sunansa, ko wanda farfaɗiya ke kayarwa kusa da murhu, likita ya kamata ya gani. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware yana duba masu farfaɗiya, kuma maganin da ake sha kullum yana tsayar da faɗuwar ga mafi yawan yara. Asibitin Noma na Sakkwato, wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa wa tun 2014, yana yi wa yaran da cutar noma ta zaizaye wa baki tiyata kyauta. Kurame da makafi kuwa suna da makarantar A.A. Raji da ke Sakkwato.

Za a ce hanya ba lafiya, ga 'yan bindiga, ga tsadar mota. Gaskiya ne, kuma ban ce a jefa rai cikin haɗari ba. Gidaje uku ko huɗu su haɗa kuɗin mota, su tafi da rana, su roƙi likita ya rubuta maganin da zai kai su watanni. Masu cewa aikin iska ne su tuna addu'a ba ta hana shan magani. Dokar kare haƙƙin naƙasassu da aka sa wa hannu a 2019 ta ba yaron ilimi kyauta har sakandare, don haka hedimasta ba shi da hurumin mayar da shi gida saboda rashin ji ko gurguntaka.