Shirin Ganawa da Masu Ɗaukar Akanta

'Yan'uwa, a watan nan darasinmu na samari ne da 'yan mata na Ekklesiya waɗanda suka gama karatun lissafin kuɗi, suna jiran a kira su ganawa a kamfanin akanta. Mun ga waɗansu suna damuwa da kwat da takalmi fiye da kome. Tsabta tana da kyau, amma abin da mai tambaya yake so ya sani ɗaya ne: ko za a iya sa littattafan kuɗin mutane a hannunka a yi barci?

Da fari, ka san gidan da za ka. Manyan kamfanonin duniya na wannan aiki huɗu ne: Deloitte, PwC, EY da KPMG. Ka bincika ko binciken lissafi za a sa ka, ko sashen haraji, gama tambayoyinsu sun bambanta. Lalle za a tambaye ka inda ka kai a jarrabawar ICAN, wadda doka ta kafa a 1965, ko ta ANAN, mai makaranta a Kwall kusa da Jos. In takarda biyu ta rage maka, ka ce biyu. Kada ka ce ka kusa gamawa.

Sa'an nan ka koma kan tushe. Tun 1494 Luka Pacioli, wani malamin addini na Italiya, ya bayyana yadda ake rubuta kowane ciniki sau biyu, hagu da dama. Mai kanti ya ɗauki buhun shinkafa bashi: kaya sun ƙaru, bashi kuma ya ƙaru daidai da su. Ka iya faɗin wannan da bakinka, ba karatun aku ba. Ka kuma iya nuna abin da ke sa littafin kuɗi ya saɓa da takardar banki, watau cekin da ba a kai banki ba tukuna, ko ladan da banki ya cire. Abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, ka faɗi inda za ka duba.

Akwai tambayar da ta fi waɗannan nauyi. Za a ce, in babban mutum a inda kake bincike ya roƙe ka ka kau da ido daga rasit guda, me za ka yi? Kada ka yi musu wa'azi. Ka ce za ka rubuta abin da ka gani, ka kai wa shugabanka. Suna da dalilin tambaya. A 2002 kamfanin Arthur Andersen na Amurka ya rushe bayan an same shi da laifin lalata takardun Enron. Kotun ƙoli ta soke hukuncin a 2005, amma dubban ma'aikata sun riga sun watse.

Wanda ya taɓa taimakon ma'ajin Ekklesiya kada ya raina wannan. Ka gaya musu yadda mutum biyu suke ƙirga baiko, su sa hannu tare. Manzo Bulus ma bai aiki Titus shi kaɗai ya tattara gudummawar Urushalima ba, ya haɗa shi da 'yan'uwa biyu domin kada a sami abin zargi, kamar yadda 2 Korintiyawa sura 8 ta nuna. Ka karanta surar a daren, ka yi addu'a, ka jera takardun makaranta da na bautar ƙasa, na asali da kwafi, ka kwanta da wuri.