DARASI: SANA'AR HANNU DA AIKIN MAI DA GAS

'Yan'uwa, a zagayen da muke yi cikin ikilisiyoyin ƙasar Zuru bayan girbi, akwai tambayar da iyaye ba sa gajiya da yi mana. Yaro ya gama sakandare, gonar nesa ba ta shiguwa saboda 'yan bindiga, to ina zai nufa? Tun zamanin kakanni an san mu da aikin soja, amma ba kowane yaro za a ɗauka ba. Shi ya sa darasinmu na wannan karo zai duba sana'o'in hannu da kamfanonin mai da gas suke nema.

Da yawa cikinmu muna ɗauka aikin mai na masu digiri ne, kuma na mutanen Kudu ne. Ba haka abin yake duka ba. A bayan kowane injiniya akwai masu walda, masu haɗa bututu, masu wayarin lantarki, kanikawan manyan injuna, da direbobin injin ɗaga kaya. Aikin kuma ya matso Arewa. Matatar mai ta Kaduna tun 1980 aka buɗe ta. A watan Yuni 2020 aka ƙaddamar da shimfiɗa bututun gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, wanda ake kira AKK, tsawonsa kilomita 614, faɗinsa inci 40. A Nuwamba 2022 aka ƙaddamar da aikin haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe. Akwai kuma dokar 2010 da ta ce a fara duba ɗan ƙasa wajen ɗaukar ma'aikata a wannan fanni. Sai dai dokar ba ta ce a ɗauki wanda bai iya ba.

Bari mu daɗe a kan walda, domin ita ce yaranmu suka fi sani. Bututu irin na AKK guntu-guntu yake zuwa, galibi mita 12 kowane guntu. Ku yi lissafi, za ku ga mahaɗa ta haura 50,000, kuma kowace sai an yi mata walda. Amma waldar bututu daban take da waldar ƙofa da taga da muke gani a bakin kasuwa. Ƙofa in ta tsage, gobe a mayar wa mai walda ya gyara. Bututun gas kuwa in ya yi rami ko da kamar bakin allura ne, gobara ce da asarar rayuka. Saboda haka ana ɗaukar hoton cikin waldar da na'ura, kamar yadda ake ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, wadda ta faɗi a sare ta a sake. Gwajin da ake yawan yi wa mai neman aikin ana kiransa 6G: a kafe bututu a karkace, ba a juya shi, mutum ya zagaye shi da walda ta sama, ta gefe, har ta ƙasa yana kallon sama. Wanda ya ci wannan, hannunsa ne zai yi masa magana, ba sai da ubangida ba.

Ina ake koyo? Ba sai an fara da nisa ba. A nan Zuru muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, kuma ɗaliban makarantun fasaha suna rubuta jarrabawar NABTEB. Wanda ya koyi aiki a shagon maigidansa yana iya zama jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, daga mataki na 3, sai na 2, sai na 1. Daga nan akwai kwalejin Waziri Umaru a Birnin Kebbi, da ta Kaduna, da kuma makarantar PTI a Effurun, jihar Delta, wadda aka kafa musamman domin horar da ma'aikatan mai. Muna roƙon iyaye su lura da lissafi da Turanci. Mai haɗa bututu da bai iya karanta zane da tef ɗin awo ba, zai daɗe yana ɗauko wa wasu kaya. 'Yan mata ma kada a rufe musu ƙofa. Wayarin da duba ingancin walda ido da natsuwa suke so, ba ƙarfin damtse ba.

Gaskiya ɗaya da ba za mu ɓoye ba ita ce, yawancin aikin bututu kwangila ce. Ranar da aka gama, an sallami mutane. Wanda ya tafi ya sa a ransa zai dawo da jarin injin walda da janareta. A gida ma akwai aiki: tankunan ruwa, gidajen mai, wuraren cika tukunyar gas, gyaran garma. Tun da aka cire tallafin mai a Mayu 2023, ana ta mayar da motoci da Keke Napep su yi amfani da gas, wannan kuma kanikanci ne sabo.

Ga masu koyo a shago yanzu, baƙin gilashin kasuwa ba ya kare ido daga hasken walda, sai garkuwar fuska ta ainihi. Kada kuma wani ya sa ku kunna wuta a jikin tankin da ya taɓa ɗaukar fetur don kawai an juye shi. Tururin da ya rage a ciki shi ne yake fashewa.

Sai maganar 'yan damfara. A wata ikilisiya mun tarar da iyalin da suka sayar da shanun noma biyu, suka ba wani mutum kuɗin domin takardar ɗaukar aiki mai tambari. Yaron ya je har inda aka tura shi, aka ce ba a san da zamansa ba, mutumin kuma ya kashe waya. Damina ta zo ba abin huɗa. Kamfanin gaskiya gwada hannu yake yi, ba ya sayar da gurbi. Duk wanda aka kawo wa irin wannan takarda, ya nuna wa dattawan ikilisiya ko ya kawo ofishinmu mu duba tare kafin a kwance ko akuya ɗaya.

A taron zumuntar matasa na gaba, shugabanni su rubuta mana sunayen masu koyon walda, lantarki da kanikanci a ƙauyensu, shekara nawa kowa ya yi, da wanda yake da takardar shaida da wanda ba shi da ita.