Kafin ka ajiye aiki saboda manaja

A aikina na lauya, yawancin ma'aikatan da ke kawo mini kuka kan manaja suna zuwa ne bayan aikin gama ya gama: sun riga sun miƙa takardar ajiye aiki cikin fushi. Idan na ce, "Malam, ina takardunka?" sai a laluba aljihu a fito da katin shaida, shi ke nan.

Alƙali ba ya yanke hukunci da "kowa ya san ya tsane ni". Abin da ke rubuce yake dubawa. Don haka in an ba ka takardar tuhuma, kada ka yi biris da ita, kada kuma ka amsa da baki a tsaye. Rubuta amsarka cikin ladabi, ka sa kwanan wata, ka yi kwafi, a buga maka hatimin karɓa a kan naka. Saƙon zagi da manajan ya turo maka ta WhatsApp da tsakar dare, adana shi. Shi ma hujja ne.

Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta wajabta a ba ka sharuɗɗan aikinka a rubuce cikin wata 3 da fara aiki. Ta kuma hana a zabge maka albashi da sunan tara, abin da wasu manajoji suka mayar al'ada, wai don ka makara da minti goma. In za a sallame ka, akwai wa'adin sanarwa: mako 1 ga wanda ya wuce wata 3 bai kai shekara 2 ba, mako 2 daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, wata 1 daga shekara 5 zuwa sama. Sai dai wannan doka ta fi shafar leburori, direbobi da ƙananan ma'aikatan ofis. Manyan ma'aikata da ƙwararru, takardar ɗaukarsu aiki ce madogararsu.

Kada ka ruga kotu. Fara da sashen kula da ma'aikata, sai ƙungiyarku, sai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya na jiharku. In abin ya ci tura, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya damƙa wa irin waɗannan shari'u, tana kuma zama a Kano da Kaduna. Kotun ta sha ɗaukar matsa wa ma'aikaci lamba har ya ajiye aiki a matsayin kora. In har tafiyar ta zama dole, to ka rubuta ainihin dalilinka a takardar, kada ka ce "saboda wasu dalilai na ƙashin kaina".