Manuni da Adireshi: Kowane Fili a Ƙwaƙwalwar Kwamfuta Ya San Mai Shi

Mai rubuta manhaja da yaren C yakan gamu da wata cuta mai wuyar ganewa: shirinsa ya yi aiki yau lafiya lau, gobe ya faɗi alhali ba a taɓa ko layi ɗaya ba. Galibi tushen abin manuni ne, wato ɗan ma'ajin da ba ya riƙe komai sai adireshin wani wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Ka karɓi fili da malloc, ka mayar da shi da free, amma manunin yana nan riƙe da tsohon adireshi. Kamar lambar shagon haya ce: ɗan haya ya tashi, wani ya shiga, lambar ba ta canja ba, duk wanda ya bi ta kayan wani zai taɓa. Abin ba ƙarami ba ne. A 2019 kamfanin Microsoft ya bayyana cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ramukan tsaron da yake toshewa daga kurakuran sarrafa ƙwaƙwalwa suke fitowa, a 2020 kuma masu kula da Chrome suka ba da adadi makamancin wannan.

Shawarata ita ce kowane fili ya kasance yana da mai shi guda ɗaya tak, kuma shi kaɗai ke da ikon sakinsa. Sauran manunai aro suka yi, kada ɗayansu ya wuce mai fili tsawon rai. Mayar da manuni NULL bayan free yana da kyau, sai dai wannan kwafin kawai ya gyara, sauran da ke warwatse cikin shirin suna nan da haɗarinsu. A C++, don kowane fili ya samu mai shi guda, ka yi amfani da unique_ptr, wanda ya zo a tsarin yaren na 2011. Yaren Rust kuwa a kan wannan doka aka gina shi, ba ya ma yarda ya harhaɗa shirin da ya karya ta. Kafin ka saki aiki, ka gwada shi da manhajar gano irin waɗannan kurakurai, AddressSanitizer ko Valgrind.

Wani zai ce shi da Python yake aiki, yaren da ke share ƙwaƙwalwa da kansa, don haka wannan ba damuwarsa ba ce. Rabin gaskiya ya faɗa. An ɗauke masa wahalar sakin fili, amma tambayar wane abu ne wannan suna yake nunawa tana nan. Idan ka rubuta b = a a kan jeri, ba ka yi kwafi ba, suna biyu ka ba abu guda, duk abin da ka ƙara ta b zai bayyana cikin a. Shi ya sa aka raba == da is: na farko daidaiton ƙima yake dubawa, na biyu yana tambaya ko abu ɗaya ne. CPython, wato manhajar da ke gudanar da Python, yana ajiye ƙananan lambobi daga -5 zuwa 256 a wuri guda, don haka is yakan yi kamar yana aiki a kansu, sannan ya ba ka kunya a manyan lambobi. Ka bar is ga None da makamantansa, in kuma kwafi kake so, ka nema a fili da copy ko deepcopy.