Wake Mai Yaɗo Ya Fi Dacewa da Rufe Gona

Manomin da ke son rufe ƙasar gonarsa a Kano ko Maraɗi ya fara da wake mai yaɗo, tun kafin ya nemi baƙon iri irin mukuna. Ganyen waken na shimfiɗuwa tsakanin kunyoyi, ya tare dukan ruwan sama, ya riƙe danshi, ya danne ciyawa. Ka tona saiwarsa za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle. Fasa ɗaya, in cikinsa ja-ja ne to yana tara wa ƙasa sinadarin naitirojin, wanda ake sayen takin yuriya dominsa.

Wasu za su ce in an shuka waken cikin gero zai ƙwace wa geron abinci. Hakan na faruwa in an shuka su rana ɗaya, shi ya sa ake jinkirta waken sai gero ya yi makonni uku zuwa huɗu. Wasu kuma za su ce ai dabbobi za su cinye komai da rani. Da gaskiyarsu, amma wake ya riga ya biya ka da ƙwaya da harawa, ita kuwa mukuna ba kasafai ake cin 'ya'yanta ba. Sai dai a lokacin girbi, yanke harawar za ka yi, kada ka tuge, domin saiwar ta ruɓe a gonarka.