Yadda Ake Buɗe Asusun Sefa a Tsallaken Iyaka

Duk ɗan kasuwar Tambuwal ko Kebbe da ke sayo dabbobi ko wake daga Nijar ya san yadda cinikin yake: ka cusa naira a jaka, ka isa Illela ranar Lahadi, ɗan canji ya ba ka sefa a farashin da gari ya waye da shi. Tun da aka sakar wa naira mara a watan Yunin 2023, dalar Amurka da take wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, sefa ma ta bi ta sama, domin ita a ɗaure take da yuro tun 1999, sefa 655.957 a kan yuro ɗaya. Dole mai ciniki da mutanen Ƙonni ko Gaya ya so ajiye wani abu cikin kuɗinsu.

Matsalar ita ce yawancinmu a hannun mai masauki muke ajiyewa. Kawuna ya yi haka shekara da shekaru, kuɗinsa suna cikin asusun amininsa na can, mutumin kirki wanda bai taɓa cin ko sisinsa ba. Da Allah ya yi wa mutumin rasuwa, banki ya rufe asusun har a raba gado, kawu kuma ba shi da ko ƙyallen takarda da ke nuna nasa a ciki. Sai da dattawa suka yi ta zarya kafin magada su yarda. Tun daga ranar nake roƙon duk wanda ya tambaye ni: ka buɗe da sunanka.

Kafin ka motsa, ka tabbatar sefa kake bukata. In dala ko fam ko yuro kake so don kuɗin makarantar yaro ko odar kaya, ba sai ka tsallaka ba. Bankunan Sakkwato da Birnin Kebbi suna buɗe asusun kuɗin waje da BVN da NIN da masu tsaya maka mutum biyu. Tsallakawa ta wanda cinikinsa yake da sefa ce.

Matakin farko takardu. Ka yi fasfo na ƙasa da ƙasa a ofishin shige da fice, kada ka dogara da ƙaramar takardar tafiya ta ECOWAS, tunda Nijar ta fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairun 2025. Ka haɗa da hotuna 'yan ƙanana, da shaidar inda kake zaune, da shaidar sana'a, kamar rajistar kasuwanci ko katin ƙungiyarku ta 'yan kasuwa da rasit na cinikin baya. Kowace takarda ka yi mata kwafi biyu tun daga gida. Wanda yake da shago ko gida a can, sai ya ƙara da shaidar zama daga hukumar garin da katin ofishin jakadancin Najeriya da ke Yamai.

Na biyu hanya. Daga Tambuwal za ka bi Shagari da Boɗinga ka ratsa Sakkwato, ka wuce Kware da Gwadabawa zuwa Illela, Birnin Ƙonni na nan daf da iyaka. Wanda harkarsa ta fi karkata yamma zai iya bi ta Jega da Kalgo zuwa Kamba ya faɗa Gaya. Ka yi sammako, ka yi tafiyarka da rana, kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki. Ka shiga ta ƙofa a buga maka hatimi a fasfo, saboda banki na iya neman ganinsa. In kuɗin da ke jikinka sun haura kwatankwacin dalar Amurka 10,000, dokar Najeriya ta 2022 kan halasta kuɗin haram ta wajabta maka ka bayyana wa kwastan. Ka cike takardar, ka adana taka.

Na uku zaɓen banki. Akwai SONIBANK da BIA da Bank of Africa da Ecobank da Orabank, akwai kuma Banque Islamique du Niger ga mai gudun kuɗin ruwa. Kada girman suna ya ja ka. Ka tambayi abokan cinikinka wane banki suke amfani da shi kuma wanne ke da reshe a garin da kake sauka, domin tura kuɗi tsakanin asusu biyu na banki ɗaya ya fi sauri da sauƙi. Kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza suna da amfaninsu, amma ba su ne za su ba ka littafin cek ba.

A cikin banki ne ya kamata ka nutsu. Hausa za a yi maka da baki, amma takardun duk Faransanci ne, saboda haka ka je da wanda ka yarda da shi mai karanta harshen. Ka ce compte courant kake so, wato asusun da ake rubuta cek a kansa, ka kuma faɗi gaskiya cewa a Najeriya kake zaune. Babban bankinsu, BCEAO, mai hedkwata a Dakar, ya bambanta asusun mazauni da na baƙo, kuma na baƙo yana da ƙa'idoji kan hanyar da kuɗi ke shiga da fita. Don haka kafin ka sa hannu ka yi waɗannan tambayoyi ɗaya bayan ɗaya: Zan iya zuba takardun sefa hannu da hannu, ko sai ta hanyar turowa daga wani banki? In na sayar da kaya a nan, wace takarda za ku nema kafin ku karɓi kuɗin? Nawa kuke cira duk wata na kula da asusu? Wata nawa zai yi ba motsi kafin ku dakatar da shi? Amsar ta farko ita ce za ta nuna maka ko asusun zai yi maka aiki ko a'a. Ajiye dalar Amurka a can kuwa sai da izinin BCEAO, ba abin da ma'aikacin kanta zai yanke maka ba ne.

Ka sa ido a kan sunanka. Hannun ma'aikacin can ya saba rubuta Ousmane a maimakon Usman, Aboubacar a maimakon Abubakar. Ka ɗora fasfo a gabansa ka sa yatsa a kan layin, ya kwafa harafi da harafi. Bambancin harafi biyu ya isa ya tsayar maka da kuɗi ranar da ka fi bukatarsu.

Haka lissafi. Mutumin Nijar in ya ce dala, sefa 5 yake nufi. Dala ɗari sefa 500 ke nan, jika ɗaya kuma 1,000. Na ga baƙo ya zaro ido da aka ce masa ya kawo dala ɗari ta kwafin takarda. Duk adadin da aka faɗa maka, ka ce a rubuta da lamba.

In an buɗe, ka karɓi takardar da suke kira RIB, mai ɗauke da lambar banki da ta reshe da ta asusunka. Ita za ka riƙa ba mai turo maka kuɗi. Ka nemi katin GIM-UEMOA, wanda ke ciro kuɗi a ƙasashe takwas masu wannan sefar: Nijar, Benin, Togo, Burkina Faso, Mali, Senegal, Kwaddebuwa da Gini Bisau. Littafin cek yakan ɗauki kwanaki, kuma da Faransanci ake rubuta adadin kuɗi a kansa, sai ka sa a rubuta maka samfurin lambobin da ka fi amfani da su. Kada ka taɓa rubuta cek alhali babu kuɗi a ciki. Sunan mai yin haka yana shiga rajistar babban banki, a hana shi rubuta cek na tsawon shekaru.

Saura nawa za ka bari a ciki. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar an rufe iyaka, takunkumi ya hau bankunan Nijar, cirar kuɗi ta yi wuya, ba a ɗage ba sai 24 ga Fabrairun 2024, Najeriya kuma ta buɗe nata ɓangaren a watan Maris. Kafin wannan ma mun ga rufewar Agustan 2019 da ta kai Disambar 2020. Inshorar ajiya ta NDIC ba ta tsallaka iyaka. Ni shawarata, ka bar kuɗin sayayyar kasuwa biyu ko uku kawai, sauran jarin ya zauna gida. Ka rubuta sunan banki da reshe da lambar asusu a littafinka na bashi, ka nuna wa babban ɗanka ko uwargida inda ka ajiye shi tare da kwafin RIB.